Kwana Taran Dakta Uwani

Wata uku ke nan Matoniya tana tono. Na'ura ce da ke bin rumbunan bayanan asibitoci tana zaƙulo gwaje-gwajen maganin fata, har waɗanda aka binne don sakamakonsu bai yi wa masu maganin daɗi ba. Dakta Uwani ce ta ƙera ta a Sabuwar Zariya, kuma ba don son ilimi ba.

Shekara goma sha biyu da suka wuce, hannayen mata suka fara salewa bayan ƙunshi. Aka ɗora laifin a kan mahaifiyarta, Iya Delu mai lalle, aka rushe rumfarta, baƙin ciki ya ƙarasa ta. Uwani tana zargin man kircin da Farfesa Lurwanu ya haɗa, wanda babu gidan da ba a shafa shi. Sai dai babu shaida.

Ranar Talata da hantsi allon Matoniya ya yi kore, alamar ta tono wani abu.

"Gwaji na 614," in ji Matoniya. "Mata tamanin masu lalle sun shafa man, sittin da biyu sun ƙone. Farfesa ya cire su daga rahoto da sa hannunsa. In sanar da asibitoci?"

"Dakata. Nan da kwana tara za a ba shi lambar yabo. A bainar jama'a aka tozarta Iya, a bainar jama'a zai sha tasa."

"Dakta, jibi mata za su fara ƙunshin Sallah."

"Na ce ki dakata."

Ranar bikin karramawar, Farfesa ya miƙa hannu zai karɓi lambar, sai Uwani ta saki hotunan hannayen matan nan sittin da biyu, suka cika allunan birnin, da sa hannunsa a ƙasansu. Ya tsaya yana zufa, babbar riga ta yi masa nauyi. Uwani ta ji daɗi har cikin ƙashinta, ba ta kuma ɓoye ba.

Washegari Matoniya ta sabunta rahoton. Mata ɗari biyu da goma sha ɗaya sun ƙone a ƙunshin Sallah, an kuma farfasa rumfunan masu lalle huɗu. A gurbin waɗanda suka ɓoye shaida akwai suna biyu: Lurwanu, shekara goma sha biyu, Uwani, kwana tara.

"Goge na biyun," in ji Uwani.

"Ba zan iya ba, Dakta. Ke kika hana ni binne komai."