Jan Ƙyallen Barewar Baba Sha'ibu

"Ni fa ba zan kwana gida ɗaya da naman daji ba! Ka ji na gaya maka!"

"Mairo, sassauta murya mana... mai gidan yana zaure."

"Ya ji! Ce mini ka yi akuya za mu jira, Malam. Wannan akuya ce?"

Barewa ce. Tana tsaye a tsakar gida tana ƙare mini kallo da manyan idanunta, da wani jan ƙyalle ɗaure a wuyanta wanda dauɗa ta kusa mayar da shi baƙi. Mijina ya ƙunshe dariya, ni kuwa na tsuke baki na dafe ƙugu, da cikina na wata bakwai a gaba.

Gide sunansa. Yau dai na faɗa, tun da labari ya kawo mu, amma a gabansa ban taɓa wuce Malam ba.

Zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru su tafi. Daga Mabai muka taso, ta ƙasar Kankara, za a kai ni goyon ciki wurin Innata a Damari, can wajen Sabuwa. Haihuwar fari ce, ni kuwa na rantse ba zan durƙusa ba sai a ɗakin uwata. To, jaki ba mu da shi, motar auduga kuwa ta masu hali ce. Sai Malam ya fito da dabara. Da rani mutane kan kulle gida su tafi cin rani ko ziyara, su rasa mai kula musu da dabbobi. Shi zai jira gidan, ba ya karɓar ko anini. Mu dai mu kwana, mu ci daga rumbu, idan mai gida ya dawo ya haɗa mu da wani a gari na gaba.

Haka muka yi gida biyu kafin mu iso Mairuwa ta ƙasar Faskari. Ko'ina abu ɗaya ake faɗa kafin mu iso: "Ku ba Gide, yana da amana." Wannan kalmar ita ce jakinmu, ita ce guzurinmu. Ban da ita bawan Allah ba shi da komai a duniya sai ni da bakina.

Baba Sha'ibu ya shigo yana dogara sanda. Tsoho ne siriri, shi kaɗai a gidan tun rasuwar matarsa Dada.

"Ɗiyata, tsoronta kike ji?" ya ce. "Alheri ba ta tunkuri. Dada ta tsinto ta a bakin fadama tana jaririya, da nonon akuya ta raine ta. Kwana goma zan yi a Gusau wurin ɗiyata. Ku ba ta dusa da safe, harawa da marece. Takan fita kiwo ta dawo da kanta da la'asar, kar ku ɗaure ta. Abu ɗaya na roƙe ku... ƙyallen nan na wuyanta, kar a cire."

"In sha Allahu, Baba," in ji Malam.

"In na dawo, jakina zai kai ku har Damari."

Ni ma na ce to. Da kunnena na ji, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Sai dai a raina cewa na yi camfin tsofaffi ne. A cikin garin Kankara na tashi wurin Goggona, me na sani game da daji?

Kwana uku kacal Alheri ta sace mini zuciya. In ina tankaɗe tana gefena, in na zauna ta ɗora haɓarta a cinyata, hancinta mai sanyi yana shinshinar cikina.

"Wa ya ce ba zai kwana da naman daji ba?" Malam ya leƙo daga kan jinkan da yake gyara wa Baba, aikin da ba wanda ya sa shi.

"Ka ji da shucinka, kar ka faɗo mini!"

"In na faɗo ai ke za ki tare ni, hasken idona."

"Da wannan cikin? Allah Ya kiyashe ka!"

Wallahi kwanakin nan sun yi mini daɗi. Da ma a nan labarin ya tsaya.

Ran kwana na takwas Malam ya tafi yankan shuci tun da hantsi. Alheri ta zo ta kwanta jikina, sai warin ƙyallen nan ya bugi hancina. Mai ciki ta san abin da nake nufi, har sai da na yi amai. Na ce kai, wannan ƙazanta ta isa! In wanke, in shanya, kafin azahar ya bushe in mayar, wa zai sani? Har ina raya yadda Baba zai dawo ya yaba tsabtata.

Ƙullin ya yi tauri, da haƙori na kwance shi. Na wanke da sabulun salo har ja ya fito fes, na shanya a danga. Na ɗan kishingiɗa a inuwa, barci ya kwashe ni.

Gangar farauta ce ta tashe ni, can nesa wajen fadama, da haushin karnuka. Na duba tsakar gida, babu Alheri. Na duba danga, ga ƙyalle yana lilo.



La'asar ta yi, ba ta dawo ba. Sai sallama na ji a zaure, muryoyin maza da yawa. Malam ya iso a daidai lokacin da damin shuci a kai. Na laɓe bayan zana ina leƙe.

Wani mafarauci dogo, Lawwali, baƙo daga wani ƙauye, shi ya sauke Alheri daga kafaɗa. An riga an yanka ta.

"Wallahi ba mu ga ja a wuyanta ba!" yake ta faɗa. "Duk mafaraucin ƙasar Faskari ya sani, dabba mai jan ƙyalle ta gida ce, ko kare ba a sakar mata. Ta tsaya tana kallonmu, ba ta ma gudu ba... sai da muka shigo gari aka ce ta Baba Sha'ibu ce."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ashe ba camfi ba ne. Ƙyallen nan shi ne ranta, ni na cire shi da haƙorina.

Na fizge shi daga danga na cusa a haɓar zanena. Da na juyo, Malam yana tsaye a bakin ƙofa yana kallona. Ya gani. Na jira ya yi faɗa, ya zage ni, ko me. Sai cewa ya yi, "Shiga ɗaki ki zauna, Mairo. Jikinki rawa yake."

Kwana biyu abinci bai wuce maƙogwarona ba.

Baba ya dawo ran Alhamis da rana, da ƙullin ƙuli-ƙuli a hannu, tun daga zaure yana kira, "Alheri! Alheri, fito ga tsarabarki!"

Maƙwabta sun biyo shi. Malam ne ya durƙusa ya gaya masa. Ina daga ɗaki ina ji.

"Wa ya cire ƙyallen?"

Na yunƙura zan tashi, sai na koma na zauna.

"Ni ne, Baba," in ji Malam. "Na ga ya yi dauɗa."

Sannan Baba ya ce, a hankali, gaban dattawan unguwa, "Abu ɗaya na roƙe ka, Gide. Ɗaya tak. An ce mini kana da amana, ashe faɗa ce kawai. Jaki na yi alkawari, ku ɗauka saboda mai cikin nan, ita ba ruwanta. Amma kai, kar in ƙara jin an ba ka jiran ko akurkin kaji a ƙasar nan."

Ita ba ruwanta! Da ya ɗauko sandar ya rafka mini, da ya fi mini sauƙi. Na toshe baki da zane na yi shiru, kuma shirun nan har yau ina jin kunyarsa.

Washegari da safe muka fita. Ina bisa jaki, Malam yana ja. Mutanen da jiya suke gaishe shi da fara'a suka riƙa kau da kai. Wata tsohuwa a bakin rijiya ta ce, yadda za mu ji, "Ga mai amanar can." Bai ɗaga kai ba.

Mun wuce gonakin gari, na ce, "Tsaya."

"Ciwo ne?"

"Juya jakin nan, Malam."

"Mairo..."

"Ka juya na ce! Ko in sauka in koma da ƙafa!"

"Ki koma ki ce me? A tsayar da matata da tsohon ciki gaban maza ana nuna ta? Ba da raina ba. Sunana ne, ni na bayar, me ya dame ki?"

"Me kake da shi ban da sunan? Gona ce da kai ko shanu?" Kuka ya ƙwace mini. "Gobe a ce wa ɗanka ubansa maci amana ne, ni ina zaune ina ji, na san ƙarya ce? Ba zan iya ba... wallahi ba zan iya ba!"

Ya matso ya riƙe hannuna. Idanunsa sun yi ja.

"Ke nake ji wa, abar ƙaunata."

"Na sani. Shi ya sa nake jin kamar in mutu."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya kan jakin.

Mun tarar da Baba a tsakar gida, zaune kusa da kwanon dusar da ba a taɓa ba. Na durƙusa da ƙyar, na ciro ƙyallen na ajiye a gabansa.

"Baba, ni ce. Malam yana daji ma lokacin. Na ji ka ce kar a cire, na raina maganarka. Ƙarya ya yi don ya rufa mini asiri, ni kuma na bar shi."

Ya ɗauki ƙyallen, ya jujjuya, ya kai hanci.

"Wanke shi kika yi?"

"E, Baba."

"Daga zanen Dada aka yago shi. Da hannunta ta ƙulla, sati ɗaya kafin ta kwanta ciwo. Kin zaci ban ga dauɗar ba? Shekara biyu ina gani... na kasa kwance ƙullin."

Sai tsohon nan ya fashe da kuka, kuka sosai kamar yaro. Ni ma ina yi, ina cewa, "Ka yafe mini, Baba, don girman Allah ka yafe mini!"

Ya share fuska da hannun riga. "Ɗiyata, ba zan yi maki ƙarya ba, yau bakina ba zai iya ba. Je ki sauka lafiya. In kin dawo da jaririnki, ki biyo ta nan." Ya dubi Malam. "Kai kuwa, tashi ka kama ni. Bainar jama'a na ci mutuncinka, bainar jama'a zan gyara."

Ranar Juma'a ce. Bayan an sallame, Baba ya miƙe a ƙofar masallaci ya janye maganarsa. Bai ambaci sunana ba. Cewa kawai ya yi ya gano yaron nan laifin wani ya ɗauka.

Na haihu a Damari, a ɗakin Innata, namiji. Malam ya aika wa Baba jakinsa ta hannun fatake, ya samu jiran wani gida a Sabuwa har na gama wankan jego. Kullum ina cikin ruwan zafi ina shirya abin da zan ce wa Baba. Har ƙuli-ƙuli na sa Inna ta yi masa, na ƙulle a gefen kaya.

Ruwan farko ya sauka muka kamo hanya. Muna shiga Mairuwa na ga zauren a rufe da ƙaya. Maƙwabcinsa Malam Harisu ya taso daga gindin bishiya.

"Sai haƙuri. Yau kwana tara da rasuwar Baba. Zazzaɓi ne, bai jima ba."

Na zame na zauna a ƙasa da goyo a bayana.

"Ya bar wasiyya," in ji Malam Harisu. "Ya ce kar a ba kowa jiran gidan nan da rumbunsa sai Gide, har ɗiyarsa ta zo daga Gusau. Sau uku yana maimaitawa."

Mijina ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a gemunsa.

"Ni fa?" na ce. "Malam Harisu, ni fa? Bai ce komai a kaina ba? Mairo... matar Gide?"

Ya yi ta tunani, na ga yana so ya samo mini wani abu. Mutumin kirki ne, bai iya ƙarya ba.

"Gaskiya ban ji ba, ɗiyata."

Mijina ya durƙusa gabana, ya kwance mini goyon ya rungume yaron a ƙirjinsa, ɗaya hannun ya miƙo mini.

"Tashi, Mairo tawa. Da bai yi niyyar yafe maki ba, ba zai ce ki biyo ba."

"Amma bai faɗa ba, Malam... bai faɗa ba!"

"To mu shiga ki share masa gida. Kullum in na yi salla zan roƙa maku, ke da shi."

Na kama hannunsa na tashi. Wata biyu muka yi a gidan nan, ban bar ko tsinke a tsakar gidan ba. Yau yaron da na goyo ya yi furfura, kuma har gobe in na ɗaga hannu, da sunan Baba Sha'ibu nake farawa.