Tsohuwar Reza da Naman Zulkifilu

A wata makaranta kusa da Ƙofar Atiku, akwai wata yarinya mai ƙoƙari. Kullum ita ke zuwa ta ɗaya, har ranar da aka kawo Zulkifilu, ɗan mai kilishi. Tun daga nan ko dariyarsa ba ta son ji.

Wata Talata, Likita Hadiza mai duba lafiyar dabbobi ta zo ajinsu. Kowa ya zo da ɗan ɗanyen nama daga gida.

Likita ta yanki wata tsoka da reza, ta ɗaga. "Kun ga tsutsa a nan?"

"A'a!"

"To, akwai ta. Kowace halitta tana da alamarta a ƙwayoyin jikinta. Na'urarmu tana gane alamar tsutsa ko da ta fi ƙura ƙanƙanta. Shi ya sa kowane nama sai da sabuwar reza. Wa zai taya ni?"

Yarinyar ta ɗaga hannu har tana miƙewa. Amma Zulkifilu aka kira. Har tafi aka yi masa!

Da aka fita hutun ƙarfe tara, ta laɓaɓa ta ɗauko tsohuwar rezar da aka yanka tsoka mai tsutsa da ita, ta goga a naman Zulkifilu.

Ranar Alhamis malaminsu, Malam Yari, ya karanto sakamako. Naman kowa lafiya lau, ban da ɗaya. Zulkifilu ya kifa kai a tebur.

"Saniya guda Baba ya shanya," in ji shi cikin kuka. "Ya ce in aka samu tsutsa, yau zai binne ta duka, don ba ya sai da wa mutane cuta."

A gida yarinyar ta kasa cin tuwo.

"Ke, mi ya same ki?" in ji Inna.

Ta faɗi komai tana sheshsheƙa.

"Inna, ni so na yi a yi masa dariya kawai."

"Dariya? Abincin gida guda kika taɓa, ɗiyata. Ɗauko hijabinki."

Da suka isa gidan su Zulkifilu, suka tarar har an haƙa rami. Yarinyar ta durƙusa gaban mai kilishi.

"Baba, ni ce na goga tsohuwar reza a naman da Zulkifilu ya kai makaranta. Ku yafe mini."

Da ya ji haka, sai ya ajiye shebur.

Likita Hadiza ta sake gwaji. Nama lafiya ƙalau! Yarinyar ta nemi gafarar Zulkifilu a gaban aji, ya kuwa yafe.

Malam Yari ya ce, "Yara, hassada ba ta ƙara wa kowa maki. In wani ya fi ka, ka matsa kusa ka koya."

Washegari ta ja kujerarta kusa da ta Zulkifilu.