Na'urar Da Ba Ta Da Jan Fenti

Da hantsi rahoto ya iso caji ofis na Rabah: an tsinci gawar Mujaheed direba a hanyar Maikujera. Injin motarsa mai turbo, abin da ke cusa wa inji iska don ƙara gudu, shi ne ya tarwatse a tsakiyar daji, 'yan bindigar da suka biyo shi suka cim masa.

Kafin Sufeto Sharfuddeen ya dawo daga wurin, mutane sun cika ƙofar ofis da sanduna. 'Yan bindiga sun fi ƙarfinsu, sai suka nemi wanda ba shi da ko wuƙa, wato Habibullahi makanike, wanda ya ɗaura wa motar na'urar lantarki mai saita iskar turbo. Da ƙyar 'yan sanda suka ƙwace shi suka kulle. Lawwali, yayan mamacin, shi ne a gaba, idanu jajur.

Sufeto ya dubi ƙofar, ya dubi 'yan tsirarun mutanensa. In aka karya ƙofar nan, gawa biyu za a binne yau.

Habibullahi, leɓe a fashe, ya ce su uku, shi da mamacin da Lawwali, suka je Sakkwato sayen na'urar. Mai shago ya fito musu da iri biyu: mai iyaka, wadda ke rage iska da kanta in ta yi yawa, da marar iyaka, wadda sai inda hannunka ya murɗa ta. Lawwali ya nace kan ta biyun. Shi kuwa Habibullahi ya ce injin ya tsufa, ba zai ɗauka ba, aka sayi mai iyaka.

"Duk abin da niɗ ɗaura, sai na ɗiga mishi jan fenti, yallaɓai. Don Allah a duba."

Sufeto ya jujjuya na'urar da ya ciro daga motar. Ko ɗigo babu, kuma marar iyaka ce, an murɗe ta har ƙarshe.

Ya tambayi Lawwali ta taga. Lawwali ya rantse bai ƙara taɓa motar ba tun ranar Sakkwato, ya rantse har da abin da ba a tambaye shi ba. Dutse ya faɗo kan kwanon ofis.

Sufeto ya sulale ta baya zuwa gidan makoki. Mas'uda, matar mamacin, ta ce cikin kuka shekaranjiya Yaya Lawwali ya karɓi makulli wai zai kai albasa Goronyo, amma ya dawo da buhunan yadda ya tafi da su. A rumbun albasar Lawwali, ƙarƙashin buhu, Sufeto ya tsinci wata na'ura mai ɗigon jan fenti.

Ya dawo ya tarar an fara dukan ƙofa. Ya sa aka shigo da Lawwali, ya ajiye masa na'urorin biyu a tebur.

"Wagga mi ya kai ta rumbunka?"

Lawwali ya dube su, sannan ya zube ƙasa.

"Watan jiya 'yan bindiga sunka biyo shi da mashin, da ƙyar yat tsira. Nic ce wallahi ba su ƙara kamo ƙanena. Nik koma Sakkwato nis sayo marar iyaka, niy yi musanya, nim murɗe ta da hannuna."

"To mi Habibullahi yay yi maka?"

"In ba shi na ba, ni na, yallaɓai. Ban iya ɗaukar hakan."

Sufeto ya ji tausayinsa har cikin ransa, amma akwai ran Habibullahi da ke kulle a bayan kanta. Ya buga masa ankwa, ya fitar da shi gaban jama'a, ya sa ya maimaita da bakinsa. Aka fara sulalewa da ɗai-ɗai, kowa na ɓoye sandarsa a bayan riga.

Aka saka Lawwali a mota zuwa Sakkwato. Habibullahi kuwa da aka sake shi bai nufi gida ba. Ya wanke jinin bakinsa, ya yi alwala, ya je ya kama makarar Mujaheed a gefen da yayan mamacin ya kamata ya riƙe.