Na'urar Kunnen Mufida

A rumfar fura ta bakin bodar Jibiya Lado direba ya fara ganin Mufida, mai rumfar. Ya yi ta sallama har ya ƙosa, ko waiwaye ba ta yi ba. Zai tafi cikin haushi ke nan ta juyo, ta ɗaga gefen mayafinta, sai ga wata 'yar na'ura manne a bayan kunnenta.

"Yi haƙuri, malam. Sanƙarau ya tafi da jina bayan na girma. Likitoci sun yi mani aiki, rabin abin nan yana cikin kaina. Ina ji, amma in motoci na ruri sai ka zo gabana."

Ya zo gabanta, kuma tun daga ranar bai bar wurin ba.

Kiran waya yana ba ta wahala, don haka saƙo suka riƙe.

"Hasken idona, yau muryata ta zama ta mutum?"

"Ta zama, Sahibina. Da farko kamar kana magana cikin gwangwani. Yanzu kunnena ya koye ka."

Sai Salmatu mai waina, wadda ta daɗe tana dakon Lado, ta baza cewa na'urar tana ɗaukar hirar 'yan kasuwa ta miƙa wa 'yan duwan, wato jami'an kwastan. Tir! Wallahi abin ƙyama, manyan mutane da gemu suka hau kai suka zauna. Yarinyar da ke fama ta rarrabe muryar mutum da hon ɗin mota, ita ce wai 'yar leƙen asiri. Masu shan fura suka watse. Wasu har tofar da yawu suke in ta gifta, marasa kunya.

Hajjo, mahaifiyar Lado, mai safarar kaya daga Maraɗi, ta ce, "Ko ta cire abin nan, ko ka cire ta daga ranka."

Ya tura saƙo: "Kada ki taɓa abin kunnenki, Hasken idona. Ki bar ni da Inna."

Mufida ba ta bar shi ba. Ta tafi gidan su Lado a Bugaje da kanta, ta durƙusa ta gaida Hajjo, sannan ta zare na'urar ta ɗora a tafin tsohuwar.

"Ga shi, Inna. Yanzu duniya ta ɗauke mani. Ki faɗi son ranki."

Hajjo kuwa ta buɗe baki ta zazzaga faɗa. Mufida na kallon leɓenta, tana murmushin ladabi. Can akuya ta ture tukunya a bayanta, ta fashe, kowa ya zabura ban da ita.

Nan Hajjo ta gane na'urar ta ji ce kawai. Ta dubi ɗan abin da ke hannunta, kunya da ƙyamar kanta suka rufe ta. Ta ƙwala wa ɗanta kira.

"Lado, zo nuna mani yadda ake mayar da shi."

Da hannunta ta manna shi.

"Ɗiyata, kina jina?"

"Ina ji, Inna."

"To ki yafe mani. Na biye wa banza."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Hajjo ta riƙe hannun amarya har ɗakinta, tana sa albarka tana kuka, Mufida na amsa kowace addu'a da amin. Allah ya ba su zaman lafiya, ya kawo zuriya ɗayyiba.