Ɓarawon da Ya Rusuna wa Kujera

Da safiyar ranar da za a kaɗa ƙuri'ar tsige Kakakin majalisa aka nemi sandar majalisa aka rasa. Ita wannan sanda abar mamaki ce. Ƙarfe ne kawai mai ruwan zinariya, amma in ba ta kwance a gaban Kakaki, duk abin da aka faɗa a zauren hira ce, ba doka ba.

Kafin Sufeto ya iso har an kulle mai gadi. Kwamishinan 'yan sanda ya gaya masa ta waya cewa manya na son ganin ɓarawo a kotu gobe, ga kuma ɓarawo a hannu, sai ya haɗa takardu kawai.

Sufeto ya kusa ritaya. Matarsa ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa. Abokin hirarsa ɗaya ne a duniya, wani dattijon ɗan majalisa da ake kira Baba Doka, don ba a zama bai miƙe ya ce an saɓa ƙa'ida ba. Kullum da yamma sukan haɗu a bencin mai shayi, su yi ta zagin zamani har shayin ya huce.

Akwatin gilashin da sandar ke kwana a ciki lafiyarsa lau, ba a fasa ba. An ma naɗe ƙyallen da ake rufe ta da shi an ajiye a gefe. Magatakarda ya rantse makulli ɗaya ne, kuma yana aljihunsa.

"Kyamarorin nan fa?"

Magatakarda ya hau kame-kame. Sufeto ya taka kujera ya leƙa ɗaya. Ƙwarya ce kawai ba komai a ciki, sai wata tsaka da ta mayar da ita ɗaki. Suka kalli juna shi da tsakar, sannan ya sauko.

Kakaki ya ce aikin Mataimakinsa ne, wai don a ɓata masa suna. Yana faɗa yana danne murmushi, tun da ba sanda ba ƙuri'a. Mataimaki kuma ya ce ko makaho ya san wa ya ci riba. Kowannensu ya rako Sufeto har ƙofa, kowanne ya raɗa masa cewa mutum irinsa bai kamata ya yi ritaya da wannan muƙamin ba.

Mai gadi da farko ya ce ko ƙiftawa bai yi ba. Da Sufeto ya zauna kusa da shi a ƙasa, sai ya fashe da kuka, ya ce ya zaga bayan gida bayan ya buɗe wa masu shara.

"Yallaɓai, ni ko taɓa ta ban taɓa yi ba. 'Ya'yana ƙanana ne."

Mai shara, wata dattijuwa mai ciwon gwiwa, tana tsakanin kujeru tana goge ƙasa lokacin. Ta ga wani cikin rigar masu fenti, fuskarsa a rufe da tsumma, ya fita da naɗaɗɗiyar darduma a kafaɗa. Ta ɗauka ma'aikaci ne.

"Ba wani abu da ya ba ki mamaki, Iya?"

"Sai dai da ya kai ƙofa ya juyo ya rusuna."

"Ya rusuna miki?"

"Ni wa? Wa kujerar Kakaki. Ba kowa a kanta kuwa."

Sufeto ya tsaya bakin ƙofar zauren yana kallon 'yan majalisa suna shige da fice. Wani waya a kunne, wani yana taunar cingam, wani ya ɗora ƙafa kan teburi. Ko kallon kujerar ba wanda ya yi. Bai ma buƙaci wannan kallon ba. Sau da yawa a bencin mai shayi an yi masa ƙorafin cewa yaran yanzu sun daina rusunawa, saura mutum ɗaya tak.

Ya koma wajen Magatakarda ya matsa masa. Sai ga shi wai akwai wani tsohon makulli da aka ba shugaban kwamitin ƙa'idoji tun da daɗewa, ba a kuma karɓa ba.

Sufeto ya daɗe zaune a mota bai tayar ba. Takardun mai gadi suna kujerar gefe, sa hannu kawai suke jira, kuma ba mai tambayarsa. Ya tayar da motar.

Baba Doka da kansa ya buɗe ƙofa. Falon shiru, sai agogon bango da ya tsaya.

"Ɗan sandan gwamnati, yau da rana tsaka? Shayin bai kai yamma ba?"

"Yaya, ina kake da safe?"

Ya ce yana asibiti ana auna masa jini. Sufeto ya tambayi sunan likitan, ya ce ya manta. A ƙeyarsa akwai ɗigon farin fenti da ya bushe.

"An kulle mai gadi," in ji Sufeto. "Gobe za a kai shi kotu."

Tsohon ya zauna a hankali. Ya ce shi bai yi zaton za a taɓa kowa ba. Can ya tashi ya tura ƙofar ɗakin kwana. Sandar na kwance a tsakiyar gado, an sa mata matashi, an lulluɓe ta da bargo. Ya ce bai iya ajiye ta a ƙasa ba.

Sufeto ya so ƙwarai ya ji cewa don kishin ƙasa aka yi. Ba haka ya ji ba. Kakaki ya sama wa ɗan Baba Doka aiki, tsohon ya karɓa ya yi alkawarin ƙuri'arsa. Mataimaki ya ba shi fili a sabuwar unguwa, nan ma ya karɓa ya yi alkawari. Ƙuri'ar kuwa ta miƙewa tsaye ce a gaban kowa, duk ɓangaren da ya miƙe wa, ɗayan zai tona shi.

"Shekara da shekaru ina zagin masu karɓa, ƙanena. Ashe ni ba a taɓa miƙo mini ba ne."

Sufeto ya ciro ankwa, ya dube ta, ya mayar aljihu. Ya buɗe masa ƙofar mota ta gaba. Suka nufi caji ofis.

Kafin yamma an saki mai gadi. Kakaki da Mataimaki kuma suka fito a rediyo tare, sun shirya, suna Allah wadai da tsohon da ya zubar wa majalisa mutunci.

Sufeto da kansa ya karɓi agogo da waya da hular Baba Doka, ya zuba a aljihun teburi, ya kulle ɗakin da aka tsare shi. Ofis ya watse. Ya zauna, ransa cike da labari, irin wanda bai taɓa kwana da shi bai ba wani ba. Hannunsa ya ɗauki waya ya danna lambar da ya saba.

Aljihun teburin ya fara ƙara. Ya bar ta tana yi har ta katse.