Mai Tulu Ba Ta da Ido

Ana kiran magariba, Golenur na tsugune a tsakar gida tana kankare kifi, sai wani abu ya faɗo kan rufin kwano. Ta ɗauka kwakwa ce. Na biyu ya sauka a gabanta, curin laka jiƙaƙƙe mai warin kududdufi. Bayan danga babu kowa.

Ba ta yi ihu ba. Ta san dalili, kuma sanin ya fi tsoron nauyi.

A ƙauyenmu na ƙasar Medinipur da zane ake ci. Dogon ƙyalle ne mai hotuna, a naɗe, a warware shi gaban mutane ana rera labarinsa. Golenur ta gaji wani tsohon zane daga surukarta. A gefensa akwai mace da tulu a bakin ruwa, idonta fari fat, babu baƙi. Tsohuwar ta ja mata kunne tun tana amarya: wannan ba mutum ba ce, an ɗaure ta a nan ne, kada a taɓa ɗiga mata ƙwayar ido.

Sai Tuhina, 'yar Golenur, ta dawo daga karatu a Kolkata da kwamfuta. Ta ɗauki hoton zanen ta zuba a kwamfutar, ta sa kifayen cikinsa suna iyo, bishiyoyi suna kaɗawa, har maƙwabta suka cika ƙofa.

Tuhina ta nuna idon mai tulu. "Ma, wannan fa? Tawada ce ta ƙare wa Dadi?" Dadi kakarta ke nan, surukar Golenur.

Golenur ta dubi 'yarta mai tabarau, ta dubi maƙwabta. Ta ji bakinta ya ce, "Tsufa ne. Mantuwa ta yi."

Aka yi dariya, har da ita. Tuhina ta ɗiga baƙi biyu, mai tulu ta fara ƙiftawa.

Kwana uku ana jifa, kullum da faɗuwar rana. A na huɗu Tuhina ta fito ɗaki tana laluben bango. Idanunta a buɗe, farare kamar dafaffen ƙwai.

Aka kira Hujur, malamin masallacin kasuwa. Ya zauna a tabarma ya yi ta karatu, har kwaɗin kududdufi suka yi shiru. Can Tuhina ta ɗago kai, murya ta fito daga ƙirjinta, mai sanyi, ba tata ba.

"Shekara sittin ina zaune lafiya a duhu."

"Me ya kawo ki jikin yarinya?" in ji Hujur.

"Ita ta kawo ni. Ta sa ina ɗaga tulu ina saukewa, ina ɗagawa ina saukewa, ba hutu. Ta ba ni ido. Ido ba ya fitowa daga babu, malam, nata na ɗauka."

"Ba ta sani ba."

"Ta tambaya."

Hujur bai juyo ba. Da ya juyo ma da ya fi sauƙi. Golenur ta ji maƙwabta a bayanta sun daina motsi.

"Ni ce," ta ce. "Na san labarin. Kunya na ji kada ta ce uwarta 'yar ƙauye ce."

"Mayar mata da idonta," in ji Hujur.

"A mayar da ni duhuna. Hannun da ya ɗiga shi zai goge, kafin a kira isha. In ya wuce, na riƙe."

Aka buɗe kwamfutar a kan tabarma. Tuhina ta dawo hayyacinta, ta san inda ake dannawa amma ba ta gani. Golenur tana gani, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa na'urar ba. Ta kama yatsan 'yarta kamar ranar da ta fara koya mata riƙe buroshi.

"Sama kaɗan. Hagu. Nan."

Ido ɗaya na mai tulu ya tafi. Ɗayan ya tsaya yana kallon Golenur, bai ƙifta ba. Ta danna yatsan da ƙarfi. Wani abu ya faɗa kududdufi, tsulum, sannan kwaɗi suka ci gaba.

Tuhina ta murza ido. Baƙi ya dawo. Uwarta na duban tabarma.

"Da kin faɗa min, Ma."

"Da kin yi dariya."

"Da na yi," in ji Tuhina. "Amma da ban ɗiga ba."