Ƙishirwa a Tsakiyar Damina

Yammacin da abin ya fara, iska ta ɗauke cak a Karu. Hadari ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin, ya tsaya yana gurnani ya ƙi sauka. Irin zafin nan ne na daminar Abuja, wanda ko a zaune kake zufa na bin gadon bayanka, rigar da ka shanya tun jiya ta ƙi bushewa, takalmi ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Yahuza mai faci ya dawo daga wajen aikinsa a Apo da ciwon kai, sai ya tarar da mai gidan da yake haya, Oga Solomon, yana jiransa a ƙofa.

"Yahuza, wannan mama naka zai kashe mu da sauro," in ji Oga Solomon. "Bokiti, roba, kwano, ko'ina ruwa. Ka zubar yau, ko ka nemi wani gida."

In za a faɗi gaskiya, mutumin bai yi ƙarya ba. Inna Indo, mahaifiyar Yahuza, ba ta daɗe da zuwa ba. Shi ya je ya ɗauko ta daga ƙauyensu, can arewacin Katsina dab da iyakar Nijar, inda aka yi shuka ta ƙone, aka sake ta sake ƙonewa, aka fita roƙon ruwa har maƙogwaro ya dushe, rijiyar gari ta ƙafe ƙaf. Da ƙyar ta yarda ta biyo shi, ba ta ɗauko komai ba sai ƙullin kaya da wani tsohon tulu da ta toshe bakinsa da tsumma. Ranar da ta fara ganin ruwan Abuja yana kwarara daga indararo yana bin kwata, sai ta fashe da kuka. Tun daga nan ba ta bar mazubi ɗaya a gidan ba. Da an fara yayyafi za ta fito da sanda tana jera kwanuka, tana faɗin, "Kai, mutanen nan ba su san darajar abu ba!"

Yahuza ya shiga tsakar gida ransa a ɓace. Inna tana ɗaki tana jiran magariba. Ya kama bokitai yana kifarwa, ya bi robobi da kwanuka, har ya zo kan tulun da ke jingine a lungu. 'Yarsa Ikilima, budurwa mai shirin gama sakandare, tana tsugune bakin kwata tana wanke-wanke.

"Baba, wannan Inna ta ce kada a taɓa," ta ce.

"Rufe min baki!"

Ya fizge tsumman, ya tuntsurar da tulun a kwata, ko bisimilla babu. Ruwan kaɗan ne, ja-ja, mai ƙamshin ƙasa. Ya fantsalu a ƙafar Ikilima, sauran ya bi ruwan wanke-wanke ya wuce. A daidai lokacin ladan ya kira salla, tsawa ta fashe a bisa kansu, aka kece da ruwa.

Suna cikin sallar suka ji abu ya faɗo kan kwanon ɗaki, dim. Can wani ya biyo baya, sannan suka yi ta zubowa. Yahuza ya ɗauka ƙanƙara ce. Da ya sallame ya leƙa, sai ya ga hoge ne na jar ƙasa warwatse a tsakar gida. Ya ɗauki guda. Ruwa na dukansa kamar da bakin ƙwarya, amma hogen nan a bushe yake ƙayau, da ɗumi kamar yanzu aka ɗauko shi daga rana. Inna Indo ta karɓa ta shinshina, ta dubi inda tulun yake kife. Kallon nan nata ya fi zagi ciwo.

Daga ranar Ikilima ta fara jin ƙishirwa. Ta sha kofi, ta sha kwano, ta kafa kai a bokiti, tana ɗagowa ta ce a ƙara mata. Kowa a gidan yana jiƙe sharkaf da zufa, ita kuwa fatarta ta bushe ta yi fari, leɓɓanta suka tsattsage, ko yawu babu a bakinta. Mashkura, uwarta, ta kai ta asibiti aka yi gwaje-gwaje, aka yi ƙarin ruwa, leda na ƙarewa ana rataya wata, likita ya ce bai ga komai ba. Suka dawo gida. Duk almuru in hadari ya taso, jifa ya fara, Ikilima kuwa sai ta shige ƙarƙashin gado ta toshe kunne, tana ihu da wata murya ta tsohuwa duk sanda aka yi walƙiya. Wani lokaci kuma a ji ƙarar guga tana dukan gindin rijiya, alhali gidan ko rijiyar babu.

Maƙwabta suka fara kwashe 'ya'yansu. Oga Solomon da kansa ya daina zancen sauro, ya koma kwana wajen ƙaninsa. Yahuza ya daina fita aiki. Yana kallon 'yarsa tana ƙanjamewa a gabansa, idanunta sun faɗa, kuma ya san hannunsa ne ya jawo. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Wani abokin sana'arsa ya kawo masa Malam Badaruddeen daga Jabi, dattijo siriri marar yawan magana. Ya iso bayan la'asar, gari ya yi lum, ganye ko motsi ba ya yi. Ya yi alwala, ya sa Mashkura ta riƙe yarinyar a kan tabarma, ya zauna daga gefen kanta ya fara karatu a hankali. Ya daɗe yana yi. Hadari ya rufe gari, ɗakin ya yi duhu. Da tsawar farko ta faɗi, Ikilima ta miƙe zaune, ta buɗe ido, amma ba ita ce ke kallonsu ba.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, ni da ƙishi ya riga ya ƙona."

Muryar a shaƙe take, da harshen mutanen ƙauyensu Yahuza. Mashkura ta saki salati.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Ta cikin rijiya. Tun kafin a haifi kakan wannan nake ciki, ban taɓa cutar da kowa ba. Da ruwa ya ƙare, tsohuwar nan ta kwalfi ɗigon ƙarshe ta zuba a tulu don kewar gida, ba ta san da ni ba. Na laɓe a ciki na biyo ta. Shi kuwa ya zubar da ni a kwata, cikin ruwan kanzo da dauɗa."

"Ke Musulma ce?"

"Musulma ce ni."

"To me yarinya ta yi miki? Ba kya tsoron Allah?"

Ruwa ya fara buga kwano.

"Ita ce mafi kusa," muryar ta ce. "Ina zan je? Ruwan garin nan ba ya zama, gudu yake a kan siminti. Sama kuma kullum sai ta jefe ni da aradu. Can gida babu ruwa, nan ruwa ya yi yawa ba na shansa. A bar ni a jikinta har kaka."

"Ba ta kai kaka a haka. Ki fita."

"To a yanka min baƙin bunsuru."

"Ba a yanka don wanin Allah. Ki fita, ko in ci gaba."

Ya ɗaga murya da karatu. Ikilima ta gantsare, ta yi wata ƙara da ta sa Yahuza ya durƙushe.

"Tsaya! Zan fita. A cika tulun da ruwan sama, a mai da ni rijiyata. Hannun da ya kawo ni shi zai mai da ni, kuma ya zauna kusa da ni har ruwa ya dawo. Ba na son kaɗaici."

"Ni zan kai ki!" Yahuza ya ce. "Ni na yi laifin. Ki bar uwata."

"Kai ka zubar da ni. Ba na hawa hannunka."

Babu wanda ya lura sanda Inna Indo ta fita. Sai ganinta suka yi ta shigo jagab, rungume da tulun, ruwa na tsiyaya daga bakinsa. Ta ajiye shi gaban jikarta, ta ce, "Shigo, baiwar Allah. Mu tafi gida."

Malam ya sa aljanar ta yi rantsuwa ba za ta dawo ba, ya ci gaba da karatu. Ikilima ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin uwarta. Ruwan cikin tulun ya motsa sau ɗaya ya lafa. Jim kaɗan Mashkura ta shafa goshin yarinyar, ta dubi tafin hannunta, ta fashe da kuka. Zufa ce.

Da zai tafi, Malam ya ja Yahuza gefe, amma yadda tsohuwar za ta ji. Ya ce aljani ba abin gaskatawa ba ne, sharaɗinsa bai zama wajibi a kan kowa ba, a riƙe addu'a safe da yamma, Allah ne mai tsarewa. Yahuza ya kama maganar nan hannu biyu. Ya roƙi Inna, ya durƙusa, ya ce a ba direba tulun ya kai, ko a bari sai an ji labarin ruwa ya sauka. Ita dai tana ta ɗaure ƙullin kayanta.

"In ta dawo fa?" ta ce. "Kana da wata Ikilimar a ajiye ne?"



Da sassafe ya kai ta tashar Jabi. An kwana ana ruwa, tayoyin motoci na iyo a taɓo, 'yan kamasho na ta kiran Katsina. Ya saya mata buhun gero da jarkokin ruwa aka ɗaura a bayan mota, yana yi yana sanin ba za su kai ko'ina ba. Ya kira ƙaninsa a ƙauye, ƙanin ya ce har yanzu sama fes take, ko gizagizai babu, rabin gari sun watse. Inna ta zauna a gefen taga, tulun a cinyarta, ta rufe shi da mayafi kamar jariri.

"Inna," ya ce, ya riƙe ƙarfen tagar, "can babu komai fa. In ruwan bai zo ba?"

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, irin kallon da take yi masa yana yaro in zazzaɓi ya kama shi.

"Sai ka zo ka sa ni kusa da ubanka. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta wuyar haƙa. Saki motar mutane, Yahuza, ka koma wajen 'yarka."

Direba ya tayar da mota. Yahuza ya bi ta yana riƙe da ƙarfen har bakin titi, sannan ya saki.